CUTAR DA KE ƁUYA A BAYAN SANƘARAU: KIRA GA MUTANEN SHAHUCI DA HUKUMOMIN LAFIYA

Jama'a, Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Mu ɗaliban da Allah ya ba damar zama a ajin jami'a, alhali sa'o'inmu da yawa suna can kasuwar Rimi ko tashar Shahuci suna neman na tuwo, wajibi ne a kanmu mu riƙa komawa gida da abin da muka ji daga malamanmu, musamman idan abin ya shafi rai da lafiya. Saboda haka ne muka ga ya kamata mu yi amfani da wannan fili da Ƙungiyar Ɗalibai ta ba mu, mu ja hankalin jama'a zuwa ga wata cuta wadda ba a cika jin sunanta ba a garuruwanmu, ga ta kuwa tana da gida a cikin ruwan da muke wanka da alwala da shi. Muna nufin ciwon ƙwaƙwalwa da ciwon ido waɗanda wasu ƙananan halittu da ake kira amiba suke haddasawa.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: cutar ba ta da yawa, amma idan ta kama mutum ba ta jiran kowa, kuma abin da ake bukata don gano ta da tare ta bai fi ƙarfin birnin Kano ba. Abin da ya rage shi ne a san da zamanta, a kuma yi shiri tun kafin ta zo, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

MECE CE AMIBA?

Amiba halitta ce mai ƙwayar rai guda, wadda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Da yawa daga cikinmu mun san irin wadda take zama a hanji tana sa atuni. Waɗanda muke magana a kansu a yau dabam suke, domin su ba sa bukatar jikin mutum kafin su rayu. A cikin ƙasa da taɓo da ruwan kududdufi suke zaune, suna cin ƙwayoyin bakteriya, sai fa idan tsautsayi ya kai su jikin ɗan'adam. Uku daga cikinsu ne suka fi ɓarna, watau Negleriya da Akantamiba da Balamutiya.

Negleriya ita ce jaridu suke yi wa laƙabi da mai cin ƙwaƙwalwa. Wasu likitoci biyu na Ostareliya, Fowler da Carter, su ne suka fara bayyana ciwon da take sawa a 1965. Tana son ruwa mai ɗumi ƙwarai, har tana iya hayayyafa a zafin da ya kai digiri 46. Ta hanci kaɗai take shiga. Idan ruwan da take ciki ya hau can saman hanci, sai ta bi jijiyar jin ƙanshi, ta ratsa ɗan ƙashin nan mai huji-huji da ya raba hanci da kwanyar kai, ta isa ƙwaƙwalwa. Wanda ya sha ruwan ta baki ba zai kamu ba, haka kuma majiyyaci ba ya shafa wa mai jinyarsa. Bayan kamar kwana 5 sai ciwon kai mai tsanani ya fara, da zazzaɓi da amai da sanƙarewar wuya, sa'an nan ruɗewa da fizge-fizge da suma. Yawanci cikin wasu kwana 5 ɗin rai ya yi halinsa. A Amurka, inda suke lissafin kowane majiyyaci, mutum 164 aka tabbatar sun kamu daga 1962 zuwa 2023, huɗu kacal suka tashi.

Akantamiba da Balamutiya su ma suna kama ƙwaƙwalwa, amma a hankali, cikin makonni ko watanni. Ta ƙasar da ta shiga miki ko ta huhu suke bi, kuma Akantamiba ta fi samun waɗanda jikinsu ya riga ya yi rauni, kamar masu ƙanjamau. Sai dai an fi saninta da ciwon ido, wanda za mu zo kansa nan gaba.

ABIN DA AKA GANI A ZARIYA

Wataƙila mai karatu ya ce wannan ai cutar Turawa ce masu ninƙaya a tafkunan shaƙatawa, ina ruwan Bakano da ita? To, ga amsa daga maƙwabta. A 1979 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a ƙarƙashin wani masani mai suna Lawande, sun ba da rahoton wani jariri da bai kai shekara ɗaya ba wanda Negleriya ta kama. Jaririn bai taɓa shiga kogi ko tafki ba, shi ya sa suka yi zaton ta ƙurar hunturu ya shaƙe ta. A wannan shekarar kuma sun auna hancin yara 50 a lokacin buji, suka sami amibar ƙasa a hancin 12 daga cikinsu. A 1980 suka sake kawo labarin wani manomi ɗan shekara 35, wanda ya kamu ta hanyar shaƙa ruwa a alwala, ruwan kuwa daga wani kududdufi da aka haƙa a gonarsa yake ɗiba.

Tsakanin Zariya da Kano kilomita 160 ne ko kusa da haka. Ranarsu ita ce ranarmu, ƙurarsu ita ce ƙurarmu, alwalarsu kuma ita ce tamu. Babu wani dalili na hankali da zai sa a ce halittar da aka gani a can fiye da shekara 40 da suka wuce ta tsaya a Kwanar Dangora ta ƙi ƙarasowa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

RUWANMU A CIKIN BIRNI

Mu dubi yadda ruwa yake zuwa gidajenmu a Shahuci da unguwannin da suke kewaye da ita. Ana tace ruwa a Challawa da Tamburawa, ana zuba masa kulorin, amma kowa ya san famfo ba kullum yake kawowa ba a cikin ganuwa. Mafi yawan gidaje da masallatai sun koma ga rijiyar burtsatse da ta gargajiya da 'yan garuwa masu tura jarkoki a kura. Ruwan burtsatse ana tura shi ne kai tsaye zuwa baƙin tankin roba a saman gini, ba tare da ɗigon kulorin ba, ya wuni a cikin ranar Afirilu wadda zafinta yake kaiwa digiri 40 a Kano. Tankin kan shekara ba a wanke shi ba, laka ta kwanta a gindinsa, yauƙi ya lulluɓe bangonsa. Ruwa mai ɗumi, marar magani, mai laka a ƙasa, shi ne ainihin abin da Negleriya take so.

Daɗin daɗawa ga sauran kududdufan birni, waɗanda kakanninmu suka haƙa don ɗibar ƙasar gini. An cike da yawa an yi gidaje da kantuna a kai, amma waɗanda suka rage, tare da ramukan da ruwan sama yake cikawa da damina da magudanan noman rani na wajen Kura da Kadawa, har yanzu nan ne wurin wankan yara da almajirai idan zafi ya matsa. Yaro kuwa ba ya shiga ruwa a hankali. Tsalle yake yi ya faɗa, ruwa ya hau masa kai, ya tashi yana dariya.

Birnin Karachi na Pakistan ya ishe mu misali. Tun daga 2008 ake samun mutuwar mutane da wannan cuta a can kusan kowace bazara, galibinsu maza ne manya waɗanda ba su yi ninƙaya a ko'ina ba. Bincike ya nuna ruwan famfo da na tankunan gida ba su da isasshen kulorin, kuma ta wanke hanci cutar take shiga. Birni ne na Musulmi, mai zafi, mai cunkoso, mai ƙarancin ruwa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

INDA GIZO KE SAƘA

Babbar matsalar ita ce alamomin wannan cuta da na sanƙarau kamar an tsaga kara suke. Mu kuwa a tsakiyar yankin sanƙarau muke zaune, kuma lokacinsa, watau daga ƙarshen hunturu zuwa faɗuwar damina, ya haɗu da lokacin da ruwa ya fi ɗumi. Iyayenmu ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000. Saboda haka idan an kawo yaro da zazzaɓi da sanƙararren wuya, hankalin kowa sanƙarau yake tafiya, a ɗaura masa maganin kashe bakteriya. A mafi yawan lokuta hakan daidai ne. Amma idan amiba ce, wannan magani ba ya taɓa ta. Yaron zai rasu, a rubuta sanƙarau a takarda, a yi masa sutura kafin la'asar, ba wanda zai sake waiwayar maganar. Cutar da ba a nema ba, ba za a gan ta ba, wadda ba a gani ba kuma ba za ta shiga lissafi ba.

Ga shi kuwa gano ta ba ya bukatar wata na'ura mai tsada. Idan likita ya ɗebi ruwan laka daga gadon bayan majiyyaci, aka ɗiga shi nan take a kan gilashi aka duba da madubin likita, ana iya ganin amibar tana motsi. Sharaɗin shi ne kada a sa ruwan a firji, domin sanyi yana tsayar da motsinta har a ɗauka ƙwayar jini ce. Sharaɗi na biyu shi ne likita ya yi tambaya guda: a cikin makon nan ko wanda ya wuce, yaron ya yi wanka a kududdufi ko kogi, ko ruwa ya hau masa kai? Da irin wannan madubi aka gano ta a Zariya a 1979. Ba ma jin akwai abin da zai hana a yi haka yau a Asibitin Murtala da ke maƙwabtaka da Shahuci, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

A nan muna da magana da iyaye. Da yawa daga cikin mutanenmu suna ƙin yarda a ɗebi ruwan baya, suna cewa shi ne yake kashewa ko ya gurgunta yaro. Mun san tsoron asibiti a Kano yana da tushe, domin gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara kimanin 200 a lokacin annobar 1996 ya bar tabo a zukatan jama'a, har aka je kotu aka yi sulhu a 2009. Amma ɗibar ruwan baya awo ne kurum, ba a gwada wani sabon magani a kan kowa da shi, kuma in babu shi likita lalube yake yi a duhu. Haƙƙin ma'aikatan lafiya ne su yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji, cikin mutunci, kafin su nemi amincewarsu.

AKWAI MAGANI?

Akwai, ko da yake nasararsa ta dogara ga saurin fara shi. Waɗanda suka tsira an haɗa musu magunguna ne da yawa a lokaci guda: amfoterisin ta jijiya da ta gadon baya, da rifamfisin da fulukonazol da azitromaisin, da maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa, da kuma wani mai suna miltefosin, wanda da ma ana amfani da shi ga cutar kala-azar. A 2013 wata yarinya 'yar shekara 12 a jihar Arkansas ta Amurka ta warke sarai, domin an gano cutar da wuri, aka ba ta wannan haɗi, aka kuma sanyaya jikinta don kumburin ya sauka. Jihar Kerala ta Indiya, wadda ba ta kai Amurka arziki ba, ta umarci asibitocinta su riƙa neman amiba a ruwan lakar masu alamun sanƙarau, ta kuma tanadi miltefosin. A 2025 sun gano fiye da mutum 100 masu ciwon ƙwaƙwalwa na amiba iri-iri, mafi yawansu kuma sun rayu.

Mai karatu zai lura cewa galibin magungunan nan ba baƙi ba ne a wurinmu. Rifamfisin shi ake ba masu tarin fuka, amfoterisin da fulukonazol kuwa ana ba masu ƙanjamau da wani irin sanƙarau ya kama. Miltefosin ne yake da wuyar samu. Shawararmu ita ce a ajiye ɗan kaɗan a wuri guda a Kano, kowane babban asibiti ya san inda yake da wanda za a kira ko da tsakar dare, domin cutar da take kisa cikin kwana 5 ba za ta jira a yi odar magani daga ƙetare ba.

CIWON IDO

Akantamiba tana kama fatar nan mai haske da ta rufe baƙin ido. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, ita ma sai idon ya sami ɗan rauni. A ƙasashen Turai mafi yawan masu kamuwa su ne masu manna ɗan gilashin nan a kan ƙwayar ido, waɗanda suke wanke shi da ruwan famfo ko su yi wanka da shi. A ƙasashe irin namu kuwa ta fi samun manomi da ƙaiƙayi ko karan dawa ya soka a ido, ko lebura da ƙasa ta faɗa wa, ya wanke da ruwan da ya samu kusa. Yanzu kuma ga wata sabuwar ƙofa ta buɗe. 'Yan'uwanmu mata, har da na cikin jami'a, sun shiga yayin manna gilashi mai launi don kwalliyar biki. A kasuwa ake saya, ba likita ba awo, wani lokaci ma a ara wa ƙawa, ko mai kwalliya ta cire daga idon wannan amarya ta sa wa waccan. Kwalliyar yini ɗaya ba ta kai a sayar da ido dominta ba.

Alamominta su ne zafi mai tsanani wanda ya fi ƙarfin abin da ake gani a idon, da ja da hawaye da ƙin haske, daga baya wani farin zobe ya fito a kan baƙin ido. A nan ne mutanenmu suke yin kuskure mafi muni. Sai a ce afolo ne, a je kemis a sayo maganin ɗigawa mai sitiroid a ciki. Zafin zai lafa na 'yan kwanaki, amma sitiroid yana kwantar da garkuwar idon ne, amibar ta sami sarari. Wasu kuma su ɗiga ruwan sukari ko nono ko ruwan ganye. Kafin a je asibiti hakiya ta rufe ido.

Maganinta na gaskiya ɗigo ne na kulorheksidin ko foliheksanaid mai tsarmin kashi 0.02 cikin 100, a kan haɗa shi da wani mai suna furofamidin. Da farko kowace sa'a ake ɗigawa, dare da rana, sa'an nan a ci gaba har tsawon watanni, domin amibar tana shiga wani ƙoƙo mai tauri ta kwanta idan ta ji wuya, ta farfaɗo idan an daina magani. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da foliheksanaid mai ƙarfin 0.08 a matsayin maganin farko da aka yi wa rajista musamman don wannan ciwo. Idan abin ya ci tura sai dashen fatar ido. Gargaɗi a nan: kulorheksidin da ake shafa wa cibiyar jarirai ya ninka na ido ƙarfi fiye da sau ɗari, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kashedi a 2019 bayan ya makantar da yara a Afirka da aka ɗiga musu a ido bisa kuskure. Masanin haɗa magani na asibiti ne kaɗai zai haɗa na ido. Kano ba ta rasa inda za a je ba: ga Asibitin Ido na ECWA a Sabon Gari, wanda yake aiki tun 1943, ga Asibitin Ido na Makka, ga sashen ido na manyan asibitocin gwamnati, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

GA MASU CEWA BA YANZU BA

Za a sami wanda zai ce zazzaɓin cizon sauro da kwalara da tamowa suna kashe dubbai, don me za a ɓata lokaci a kan cutar da sai jefi-jefi? Maganarsa tana da ƙarfi, kuma ba ma neman a ɗauke ko kwabo daga waɗancan. Amma a duba abin da muke roƙo. Kulorin da zai kashe amiba a tanki shi ne zai kashe ƙwayar kwalara da ta taifot. Awon ruwan laka da zai nuna amiba shi ne zai bambanta sanƙarau na gaskiya da zazzaɓin da ya hau kai. Hana sayar da sitiroid barkatai zai ceci idanu daga cututtukan da suka fi wannan yawa. Jifa ɗaya ne, tsuntsaye da yawa.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Ga Ma'aikatar Lafiya da shugabannin asibitoci: a sa dokar aiki cewa duk ruwan lakar da ya nuna alamar sanƙarau amma ba a ga bakteriya a ciki ba, a duba shi ɗanye don neman amiba, a kuma koya wa ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje kamanninta. Ga Hukumar Ruwa: a tabbatar kulorin yana isa har ƙarshen bututu, a kuma riƙa duba masu sayar da ruwan burtsatse. Ga masu gidaje da kwamitocin masallatai: a wanke tanki a kai a kai, a rufe shi, a yi masa rumfa, a zuba masa maganin ruwa bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar.

Ga malamanmu na addini muna magana cikin ladabi, domin mu ɗalibai ne, fatawa ba tamu ba ce. Shaƙa ruwa da facewa suna cikin sunnonin alwala a mazhabar Malikiyya, ba mai cewa a bari. Abin lura shi ne, ruwa yana iya zama mai tsarki a hukunci, launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba, amma yana ɗauke da abin da ido ba ya gani. Muna roƙon su bayyana wa jama'a a wurin karatu da huɗuba cewa a nemi ruwa mai tsabta don alwala, wanda ya ga dole sai na kududdufi ko tsohon tanki ya tafasa shi minti 1 ya bari ya huce, kuma kada a ja shi da ƙarfi har ya hau kai. Kalma ɗaya daga bakin liman ta fi takardun sanarwa dubu.

Ga iyaye da malaman allo: a hana yara tsalle cikin ruwan da yake kwance a lokacin zafi. Yaron da ya yi wanka a irin wannan wuri ya dawo da ciwon kai da amai, a kai shi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita inda ya yi wankan ko da bai tambaya ba.

Sauran magana tamu ce, ya ku 'yan'uwa ɗalibai. Masu karatun likita da na kimiyyar ƙananan halittu suna neman abin da za su yi bincike a kai a shekarar ƙarshe. Ga tankuna da rijiyoyi da kududdufan birni nan suna jiran mai ɗibar ruwansu ya auna, aikin da ba ya cin kuɗi da yawa, sakamakonsa kuma zai amfani hukuma. Masu karatun Hausa da aikin jarida su fassara wannan ilmi su kai shi gidajen rediyo. Sauranmu kuwa, idan mun koma gida hutu, mu hau saman soro mu leƙa cikin tankin gidanmu, mu kuma zauna da ƙannenmu mata mu yi musu bayanin gilashin kwalliya. Shahuci unguwa ce da aka sani da makaranta tun zamanin Turawa, bai kamata a ce 'ya'yanta sun yi ilmi sun bar iyayensu cikin duhu ba.

Allah ya kare mu daga cutar da muka sani da wadda ba mu sani ba, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Haza wassalam.